Neman hutun wata shida domin aikin agaji: me kuke gani?

Ma'aikacin Jinya, Unguwar Rimi:

Assalamu alaikum. Ina aiki a wani asibitin gwamnati a nan Kaduna. Tun da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, sannan ambaliyar Mokwa ta biyo baya a watan Mayun 2025, nake ta tunanin neman hutun wata shida ba albashi domin in shiga aikin sa-kai tare da masu agaji. Ina da iyali, shi ya sa nake neman shawarar waɗanda suka san harkar.

Tsohon Ma'aikaci, Kawo:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah Ya saka maka da alheri a kan wannan niyya. Sai dai kada ka yarda ka motsa sai takardar amincewa ta shiga hannunka, domin yardar da shugaban sashe ya yi maka da baki ba ta shiga fayil, kuma wanda ya tafi ba izini a rubuce, gudun aiki za a rubuta masa. Ka kuma lura cewa watan da ba a biya ka albashi ba, babu abin da zai shiga asusunka na fansho. Ka zauna da uwargida ku lissafa kuɗin cefane da na makarantar yara tun kafin ka rubuta takardar.

'Yar Agaji, Tudun Wada:

Malam, a ganina wata shida ya yi yawa ga mafari. Ka fara yin rajista da reshen Red Cross na Kaduna ko hukumar ba da agajin gaggawa ta jiha, saboda wanda ya je sansani shi kaɗai, ba sunansa a jerin kowa, yakan zama ƙarin baki ne a wurin rabon abinci. Aikin irinku yana tsananta ne bayan ruwa ya janye, lokacin da rijiyoyi suka gauraye da masai, amai da gudawa suka ɓarke a cikin azuzuwan da aka tsugunar da mutane, ana neman mai iya sa wa jariri ƙarin ruwa da hasken tocila. Hutunka na shekara zai iya ɗaukar wannan idan ka daidaita shi da Agusta ko Satumba, watannin da Kogin Kaduna ma yakan shiga gidajen da ke gaɓarsa.

Ma'aikacin Jinya, Unguwar Rimi:

Na gode, Baba, na gode, Hajiya. Zan nemi a mayar da hutuna zuwa Satumba. Hajiya, wace takarda ake zuwa da ita wurin rajistar?