Shin Ƙarfin Noma Ya Isa Ya Fitar da Mutum a Tantancewar Soja?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shekarata 19, na kammala sakandare, tsayina ya haura mita 1.68 da ake nema ga namiji, kuma ina da niyyar neman shiga soja idan an buɗe ɗaukar kurata. Ban taɓa yin gudu da sunan atisaye ba, sai dai tun ina ƙarami nake noma. Kawuna ya ce wanda ya taso da fartanya a hannu ba ya buƙatar wani dogon shiri, gudun mako uku safe da yamma kafin ranar tantancewa ya ishe shi. Ina neman shawararku a kan wannan magana.

Baba Saje: Wa alaikumus salam, ɗana. Ni dai ina bayan kawunka. Tun 1924 Daffo na Zariya yake karɓar 'ya'yan manoma yana mayar da su sojoji, kuma a shekarun da na yi cikin kaki ban ga wanda ya kai yaron karkara jure yunwa da rana da tafiyar ƙasa ba. Yaron da ya wuni yana huɗa, ya ɗauko buhun masara a kai daga gona zuwa gida, me za a nuna masa a filin tantancewa? Horon gaskiya ai sai an shiga ake ba da shi, na watanni.

Malamin Wasanni: Baba, da girman kujerarka, a nan zan saɓa maka. Ban musa ƙarfin manomi ba, domin ni ma a gona na tashi, amma ƙarfin huɗa daban, numfashin gudu daban. Mai huɗa yana aiki a sunkuye, da baya da kafaɗu, yana kai ƙarshen kunya ya miƙe ya sarara, alhali mai gudu ana so zuciyarsa da huhunsa su yi ta aiki ba tsayawa, ga agogo a hannun mai lura da shi. Jiki yana ƙwarewa ne a kan abin da aka saba masa. Shi ya sa a 1968 likita Kenneth Cooper, da yake aiki da sojojin saman Amurka, ya fito da gwajin gudun minti 12, inda nisan da mutum ya ci yake nuna ƙarfin numfashinsa. Ɗan Auta ya gwada wannan gobe da asuba a filin makarantarsu, zai san inda yake.

Sista: Malam ya yi gaskiya, amma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne batun safe da yamma har mako uku. Numfashi yana gyaruwa cikin 'yan makonni, sai mutum ya ji daɗi ya ƙara nisa, alhali ƙashi da jijiyoyi suna buƙatar watanni kafin su saba da dukan ƙasa. A nan ne ciwon ƙwauri yake farawa, wani lokaci har ƙashin ya yi ƙaramar tsagewa, wadda kan ɗauki mako shida ko fiye kafin ta warke. Akwai kuma wanda ya fi wannan haɗari: idan wanda bai saba ba ya tilasta wa jikinsa cikin zafi, tsoka tana iya narkewa ta shiga jini, fitsari ya koma kalar baƙin shayi, ƙoda ta taɓu. Duk wanda ya ga haka, asibiti zai nufa nan take. Ƙanena, ka je ka yi gwajin jini ka san ko AA kake ko AS, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila, domin mai AS ya fi kowa buƙatar kiyaye ƙishirwa da wahalar da aka faɗa mata farat ɗaya.

Baba Saje: 'Yata, maganar ƙoda na karɓa, don na taɓa ganin an kwashi kurtu ranga-ranga a tsakiyar bazara. Abin da nake gudu shi ne a shagwaɓa yaro da lissafin minti har ya manta cewa aikin soja wahala ce. Ranar da aka sa shi tsallen kwaɗo ba wanda zai tambaye shi ko ya huta jiya.

Yayan Auta na Unguwa: Baba, ni ne shaidar wannan muhawara, don na bi irin shawarar kawun nan sak. Ni ma manomi ne, na fara gudu saura kwana ashirin, har da jaka cike da yashi a baya da silifas a ƙafa. A mako na biyu ƙwaurina ya kumbura, na ƙi tsayawa saboda kada a ce na yi raki. Ranar tantancewa ina ɗingishi, yaran da nake ganin na fi su ƙarfi nesa ba kusa ba suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Wani ya miƙo mini tiramadol wai zai kashe ciwon, Allah ya taimake ni na ƙi. Kafin in sake samun dama shekaruna sun haura 22, kuma har yau abin yana mini ciwo.

Baba Saje: Ƙin ƙwayar nan da ka yi, Allah ya yi maka albarka. Wanda ya sha ta ya rufe bakin ciwo ne kawai, yana ƙara ɓarna bai sani ba, ga gwajin lafiya yana jiransa. Jakar yashi kuwa ban ce kowa ya ɗauka ba.

Malamin Wasanni: To Baba, mun kusa haɗuwa. Ɗan Auta, ka ba kanka wata uku aƙalla. Ka fara da kwana uku a mako, kana tsallake rana ɗaya a tsakani, kana sassarfa minti ɗaya kana tafiya minti biyu har minti ashirin, sannan kowane mako ka ƙara sassarfar kaɗan ka rage tafiyar. Ko tsarin da hukumar lafiya ta Birtaniya take ba sababbin masu gudu mako tara yake ɗauka kafin mutum ya iya minti talatin ba tsayawa. Sai ka kai nan za ka fara neman sauri. A ranakun hutu ka riƙa ɗaga jiki da hannuwa daga ƙasa da atisayen ciki, inda nomanka zai yi maka rana sosai. Ka samu kambas, ka zaɓi turɓaya a kan kwalta, ka fita bayan sallar asuba, kuma idan lokaci ya matso ka saba wa jikinka da hantsi a hankali, domin sabo da zafi yakan ɗauki kusan mako biyu.

Ɗan Auta: Na gode ƙwarai. Damuwata ɗaya ita ce damina ta kusa, kuma ba zan bar wa mahaifina gona shi kaɗai ba.

Baba Saje: Kada ka bar ta, ɗana. Ranar huɗa ka bar gudu, ka yi shi washegari. Har yanzu ina ganin wata uku ya yi yawa ga ɗan manomi, amma ka yi gwajin minti goma sha biyun da Malam ya faɗa, ka kawo mana nisan da ka ci, sai mu san wa zai janye maganarsa tsakanina da shi.