Neman shawara: hasken filas yana ƙona min bayan ƙwari a hoto

Sani Lopere, Garwa:
Assalamu alaikum manyanmu. Don Allah a taimaka min, lokaci ya ƙure. Wata ƙungiyar manoman auduga ta wajen Ngong ce ta ba ni aikin ɗaukar hoton ƙwarin da ke cin gonakinsu, za a buga a manyan takardu a nuna wa manoma a taron ƙarshen wata. Shugaban ƙungiyar abokin kawuna ne, kawun nawa ne ya tsaya min har aka ba ni aikin. An ba ni rabin kuɗi tun kafin in fara, na sayi zoben ƙari (wanda ake sawa tsakanin kyamara da lensi don ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa) da batir, sauran ya tafi haya. Idan aikin bai yi ba ba ni da abin mayarwa, kuma kunyar kawuna ta fi kuɗin damuna. Ni dama hoton biki da na katin shaida nake yi.

Kayana: Canon 600D, lensi 18-55, zoben ƙari guda uku, filas Yongnuo YN560 a saman kyamara. Suna son tsutsar da ke huda 'ya'yan auduga, da jan ƙwaron nan mai ɓata farin kaɗa, da darɓa. Duk ƙwaron da na ɗauka sai farin tabo ya fito a bayansa, launin wurin ya tafi. Bayan hoton baƙi ƙirin, wani lokaci ƙasan hoton ma baƙi. Na naɗe kan filas da tishu ninki huɗu na ɗaure da roba, bai canja ba. In ƙara ninki ne?

Alhaji Buba Mai Foto, Marwa:
Wa alaikumus salam. Ɗana, ko ninki goma ka sa ba zai canja ba, batir kawai za ka kashe. Taushin haske ba daga kaurin abin da ka rufe filas da shi yake zuwa ba, daga faɗin wurin da hasken ke fitowa ne idan ƙwaron ya ɗaga kai ya kalle shi. Kan filas ɗinka da tishu da babu tishu faɗinsa ɗaya, kuma yana can sama nesa da ƙwaron. Bayan ƙwaro mai sheƙi madubi ne, farin tabon nan hoton kan filas ɗin ne kake gani.

Ka nemi kwali, da takardar aluminiyom, da sikoc, da farin soson nan marar kauri da ake naɗe sabon talabijin ko firji da shi, mai kaurin kamar milimita 2. Masu sayar da kayan lantarki zubar da shi suke yi. Ka yanka kwalin ka yi mazurari, ƙaramin bakin ya shiga kan filas daidai, babban bakin ya kai faɗin santimita 20 da tsayi 15. Tsawon mazurarin ya kai daga kan filas zuwa bakin lensi, kada ya gaza santimita 15, in ba haka ba tsakiyar soson kaɗai zai haskaka. Ka yamutsa aluminiyom ɗin da hannu, ka buɗe shi, sannan ka liƙa a ciki. Idan ka liƙa shi sumul zai jefa haske layi-layi. Soson kuma ka yanka ya fi bakin mazurarin tsawo, ka huda rami daidai bakin lensi a ƙasansa, ka zura lensin, saman ya lanƙwaso gaba ya yi wa ƙwaron rumfa. A filas ka mayar da zum 24, ka jawo ɗan gilashin nan mai faɗaɗa haske. Fara da ƙarfi 1/16, ISO 200, shota 1/200, f/11 (faɗin ƙofar lensi). Ya yi duhu, ka hau 1/8. Kuma ba ka gaya mana shota da f nawa kake aiki da su ba.

Sani Lopere, Garwa:
Na gode Alhaji, Allah ya ƙara girma. Shota 1/500 nake sawa saboda hannuna yana rawa kuma iska tana kaɗa ganye. f kuwa kyamarar 00 take nunawa tunda na sa zoben. Amma Alhaji wannan mazurarin ba zai kori ƙwarin ba? Tishun ai ba ya tsorata su, shi ya sa na zaɓe shi.

Malam Isa, Kusuri:
To ga baƙin ƙasan hotonka nan. 600D ba ta daidaita da filas sama da 1/200. YN560 ƙafa ɗaya gare shi, wato ɗan ƙarfe ɗaya tak da ke haɗa shi da kyamara, kyamara ba ta san yana kai ba, shi ya sa ta bar ka ka wuce. A 1/500 labulen shota na biyu ya riga ya fara rufewa lokacin da filas ya tashi, sai ya tare wani sashe. Ka sauko 1/200 ko 1/160. Rawar hannu filas ne ke tsayar da ita, ba shota ba, domin a 1/16 walƙiyarsa ta fi 1/500 gajarta nesa ba kusa ba. Kuma kada ka ɗauka ta allon baya, filas ɗin da ba na Canon ba ba ya tashi a haka a wannan kyamarar. Ta ido za ka leƙa.

Alhaji Buba Mai Foto, Marwa:
Malam Isa, inuwar lensi ce. Lensi da zobe uku ya yi tsawo, ƙwaro yana santimita 4 ko 5 daga gilashi, hasken sama ya wuce ta kansa.

Malam Isa, Kusuri:
Ranka ya daɗe, ya duba bakin baƙin. In miƙaƙƙe ne kamar an ja da rula, shota ce. In ya lanƙwasa kuma ya dushe a hankali, inuwar lensi ce. Sani, turo guda ɗaya mu gani.

Maganar 00 ta fi wannan muhimmanci. Zobenka marar waya ne, ba ya kai saƙo tsakanin kyamara da lensi, lensin a buɗe yake gaba ɗaya, f/5.6 a 55. A girman ɗaya da ɗaya, wato surar ƙwaro a cikin kyamara daidai da ainihin girmansa, abin da zai fito sarai bai kai rabin milimita ba. Dabarar ita ce: ka ɗaura lensin kai tsaye a kyamara, ka sa f/11, ka danne ƙaramin maɓallin da ke gefen lensi ta ƙasa, kana danne da shi ka cire lensin kyamara na kunne. Zai zauna a f/11, sai ka sa zoben. Ido zai yi duhu, don haka ka ɗaura ƙaramar tocila a gefen mazurarin don saita fokas. Kada ka wuce f/11. A wannan girman f/11 tana aiki kamar f/22, in ka kai f/16 hoton zai fara laushi duk da fokas ɗinka daidai ne.

Hajiya Rabi, Ngaundere:
Ni ban ga dalilin wahalar filas ba. Tsutsa da darɓa ba gudu suke ba. Ka tsinko ganyen da su, ka kawo gindin taga, ka kafe shi da maƙalin shanya, kyamara a kan ƙafa uku, taima sakan 2. Farin kofin roba ka yanke gindinsa ka kifa a kan ganyen, ka haska fitilar caji biyu daga waje, dama da hagu. ISO 100, shota ko rabin sakan ne ba komai. Abin da ke ɓata min rai shi ne fitilun da ake kawo mana kasuwa yanzu, biyu iri ɗaya a kwali ɗaya amma ɗaya shuɗi ɗaya rawaya, mai shago kuma ya ce ba a mayarwa. Ka kunna su tare a kan farar takarda kafin ka biya.

Alhaji Buba Mai Foto, Marwa:
Hajiya, tsutsa mai rai ba ta tsayawa rabin sakan. Kanta kullum yana motsi, kuma kan da layukan gefen jikinta ake dubawa a gane ta. Kofin naki dai yana da kyau, amma da filas daga waje. YN560 yana da S1, saitin da ke sa shi tashi idan ya ga walƙiyar wani filas, sai dai filas ɗin kyamara yana yin ƙaramar walƙiya ta awo kafin babbar, don haka S2 zai sa, mai tsallake ƙaramar ya jira babbar.

Sani, baƙin bayan hoto lissafi ne. Nisa ya ninka biyu, haske ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙwaro yana santimita 10 daga soso, ganyen baya yana 40, abin da ya isa can kusan ɗaya cikin goma sha shida ne. Yaro ya riƙe maka faffaɗan ganyen auduga santimita 8 zuwa 10 a bayan ƙwaron. Ko ka hau ISO 400 da shota 1/100 hasken rana ya cika bayan, amma wannan sai iska ta kwanta, in ba haka ba gefen ƙwaron zai yi biyu. Ka kuma liƙa ɗan farin kwali a ƙarƙashin lensi ya mayar da haske cikin ƙwaron da ƙafafunsa.

Abakar, Njamena:
Duk wannan sai da batir na kirki. Mu a nan an cika kasuwa da jabu, a rubuta 3000 a jiki, ka ɗauki hoto kaɗan filas ya fara jira. Ka ɗaga shi a hannu ma ka ji ba nauyi. Tishu ninki huɗu yana tilasta maka cikakken ƙarfi, kan filas ya yi zafi, batir ya mutu da wuri. Ka nemi batirin caji na Eneloop saiti biyu, kada ka bar su a jakar babur cikin rana. Masu ba da aiki kuma ba su san wannan ba, gani suke waya ma za ta yi, su ba ka kuɗin da ko batir bai saya ba.

Ɗanjuma Pitowa:
Soso ba shi ne ƙarshe ba. Takardar kalki, wadda ake kwafe zane da ita, ta fi shi ba da haske daidai, ninki biyu da tazarar yatsa ɗaya a tsakani. Farar takardar ofis kada ka taɓa ta, tana cin haske da yawa kuma tana jawo shuɗi. Tsohuwar roba kuma rawaya take jawowa. Ko me ka zaɓa, ka ɗauki RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka fara da hoton farar takarda a ƙarƙashin hasken don gyaran launi, tunda jan ƙwaron nan da launinsa manomi zai gane shi.

Alhaji Buba Mai Foto, Marwa:
Kalki a gonar auduga da damina? Ƙwari da sassafe ake samunsu a natse kafin rana ta ɗumama su, lokacin ganye jiƙe yake da raɓa. Taɓawa ɗaya kalki ya yamutse. Soso ko ya jiƙe sharewa za a yi. Kalki na ɗaki ne.

Sani, kafin ka je gona ka gwada a kan ƙwayar carbi baƙa mai sheƙi. In ka ga ɗigon fari ƙarami mai kaifi, soson ya yi nisa ko tsakiyarsa kaɗai ke ci, sai ka ƙara ƙaramin yanki na biyu a tsakiya. In ka ga faffaɗan haske mai dushewa a gefe, ya yi.

Sani Lopere, Garwa:
Na gode duka, Allah ya saka. Na sauko 1/200 kuma baƙin ƙasa ya ragu, bai tafi duka ba. Cire lensi kyamara na kunne kam ina tsoro, ita kaɗai gare ni kuma da ita nake cin abinci. Soson ban samu ba tukuna, amma na ga wani ɗan farin murfin roba da ake sa wa kan filas a shago, mai shi ya ce na ƙwararru ne. Ina ganin shi da tishu ninki biyu zai fi sauƙin shiga tsakanin ganye.

Alhaji Buba Mai Foto, Marwa:
Murfin nan na ɗaki ne mai farin bango da silin, yana watsa haske ya bugi bango ya dawo. A gona ba bango. Faɗinsa kuma daidai da kan filas, tabon yana nan.

Malam Isa, Kusuri:
In ba za ka cire lensin ba, to sai zobe mai waya. Ka tambayi wanda ya sayar maka ko zai karɓi naka ka cika kuɗi. Har yanzu ba ka turo hoton ba.

Hajiya Rabi, Ngaundere:
Wane girma za a buga takardun? Kuma dole ne a ga ƙwaron a gona, ko a kan ganye kawai ya isa?

Sani Lopere, Garwa:
Girman ban tambaya ba Hajiya, zan kira kawu da dare. Murfin na riga na ba da kuɗinsa, gobe zan gwada shi a gonar. In bai yi ba, akwai wanda ya san inda ake samun soson nan a Garwa?