Wai da gaske hantar tunkiya tana tara gubar dalma?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, dan Allah masu sani ku taimaka min. 'Yata shekararta 2, an ce tana da ƙarancin jini, to tun lokacin nake yawan ba ta hanta da ƙoda, sai jiya wata ƙawata ke ce min wai a nan dalma take taruwa a jikin dabba, wlh ban yi barcin kirki ba. Tumakin na yayana ne kuma inda suke kiwo akwai wani juji da ake fasa tsofaffin batiran mota. In na dafa sosai ba za ta fita ba?

Abu Sadiq:
Haba Hajiya, kullum sai an kawo mana sabon abin tsoro. Wuta ai ba abin da take bari, ki dafa ya yi laushi ki ba yarinya abinta kawai.

Likitan Dabbobi:
Wa alaikumussalam. Malam Abu Sadiq ka yi haƙuri, a nan kam ka kuskure. Ƙwayar cuta wuta ke kashewa, ita dalma ƙarfe ce, ko kwana naman ya yi a tukunya tana nan daram.

Maman Ilham, ƙawarki ta faɗi gaskiya. In dabba ta ci dalma, jini ke kwasarta ya kai hanta da ƙoda, sauran ta je ta zauna a ƙashi, tsokar nama ce ke samun mafi ƙaranci. Ita tunkiya kuma kin san yadda take kiwo, baki a ƙasa, ciyawa take figa har gindi, tana haɗiyar ƙasa da ƙura ba ta sani ba. Ga lasar abin da ta tarar, fasasshen batir, ɓawon tsohon fenti, baƙin man inji da aka zubar. Wadda ta sha da yawa za ki ga tana tangaɗi, tana cizon haƙora, ta kafa kai jikin bango ta tsaya, wata ma ta makance. Amma wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai ci kaɗan-kaɗan, ga ta nan ɓul-ɓul da ƙiba, ka yanka ka ga hanta jawur ba tabo ko ɗaya, sai an kai lab, wato ɗakin gwaji, a gane. A Tarayyar Turai iyakar da aka yarda ita ce miligiram 0.10 na dalma a kilo ɗaya na nama, kayan cikin tunkiya kuma 0.20.

Maganar jujin batiran nan ita ce ta tsaya min a rai gsky, ba hantar kanta ba.

Anti Nas:
Ƙanwata ni ta ɓangaren yarinyar zan yi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin yaro yana tsotsar ninki 4 zuwa 5 na abin da babba zai tsotsa, sannan yaro mai ƙarancin sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi, ya fi ma saurin ɗauka, ita dalmar kanta tana jawo ƙarancin jini, kin ga abin ya zama gaba kura baya sayaki. Ƙwaƙwalwa take taɓawa a hankali ba zazzaɓi ba komai. Wanda ya tuna abin da ya faru a Zamfara a 2010, yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinare mai dalma, ba zai ɗauki abin da wasa ba. Ki kai ta a yi mata gwajin dalma a jini, ki faɗa wa likita zancen jujin. Kar ki tsani hanta, ki dai nemo ta dabbar da ba a irin wurin nan ta yi kiwo ba.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allah zan kai ta. Likita to su tumakin fa, in Yaya ya canza musu wurin kiwo shi ke nan?

Likitan Dabbobi:
Ya ɗauke su yau ma in zai iya, amma ta ƙashi tana daɗewa ba ta fita ba. A ɗebi jinin wasu daga ciki a auna kafin a sake yanka ko ɗaya, nonon ma a dakata da sha.