Neman shawara (azumin 2020, lokacin kullen korona): an rufe Kwari, sallah na matsowa, yaya zan riƙe kwastomomina?

Mai atamfa, Kano:
Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da shan ruwa. Ina sayar da atamfa, leshi da shadda, a Kantin Kwari nake sarowa. Tun da aka kulle Kano ranar 16 ga Afrilu, 2020 saboda korona shagona yake a rufe, ga Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu ranar 27 ga wata. Allah ya taimake ni akwai ragowar kaya a gida. Matsalar ita ce kwastomomina ba sa sayen zani sai sun taɓa, sun ɗaga shi a rana. Wasu kuma ina bin su bashi tun kafin azumi. 'Yata ta buɗe min Instagram, amma shiru kake ji. Ta ina zan fara? Bashin kuma, in tambaya ko in yi shiru?

Anti mai turaren wuta, Kaduna:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki ajiye Instagram tukuna. Masu sayen kayanki suna cikin wayarki, ba baƙi za ki nema yanzu ba. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne, yana da wurin jera kaya da farashi. Hoto kuwa a tsakar gida da hantsi za ki ɗauka, ban da hasken ƙwan lantarki, don shi ke mayar da shuɗi ya koma kore. Ki buɗe turmin, ki yi gajeren bidiyo kina murza shi kusa da waya, ki juya bayansa, ki nuna tambarin da ke jiki. Mace in ta ji ƙarar shadda a bidiyo ta san mai kyau ce ko a'a. In akwai tabo ki nuna shi da bakinki, ki rage kuɗi. Wadda ta karɓi abin da ta gani a hoto ita za ta kawo miki ƙawayenta.

Wani tela, Zariya:
Ki yi ta tura saƙon bai-ɗaya na WhatsApp, wato broadcast, kullum Hajiya, yana ɗaukar mutum 256 a jeri guda.

Anti mai turaren wuta, Kaduna:
A'a malam, kullum ya yi yawa. Mutane na cikin zullumi, ana ta jana'iza a Kano, ka dame su da talla safe da yamma? Toshe lambarta za su yi. Kuma saƙon nan ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarki. A sa a status, mai so zai leƙa.

Baba ɗan kasuwa, Sabon Gari:
'Yata, kan bashi zan yi magana. Ki kira su ɗaya bayan ɗaya, kira na murya, ki yi musu barka da azumi, ki tambayi yara da jiki, ki kashe waya ba ki ambaci kuɗi ba. Sun san kina bin su. Ma'aikaciyar da albashinta ke shiga za ki iya tuna mata a ƙarshen wata, cikin ladabi. Wadda mijinta ɗan adaidaita ne ko leburan kasuwa, yau abincin buɗa-baki take nema, ki ɗaga mata ƙafa har bayan sallah. Sabon bashi dai kada ki bayar, domin ba ki da inda za ki saro.

Mai POS, Hotoro:
Hajiya a kula da alat na bogi. Kada ki yarda da hoton rasit, ki duba asusunki da kanki kafin kaya su bar gida. Kai kaya kuma ki tara su zuwa Litinin da Alhamis da ake sassautawa daga 10 zuwa 4, a leda a ɗaure, mai kaiwa da takunkumi. Na wajen jiha ki faɗa musu gaskiya, hanya a rufe take, kada ki karɓi kuɗinsu ki sa musu rana.

Mai atamfa, Kano:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, gobe bayan la'asar zan fara kiran. Anti, farashin fa, in rubuta a jikin hoto ko in bari a tambaya?

Anti mai turaren wuta, Kaduna:
Ki rubuta. Da yawa kunyar tambaya suke ji yanzu da hannu ya yi ƙasa.