Wace kalma ta dace da "mantle"? Ni dai na tsaya a kan "tsokar duniya"

Malamai masu koyar da kimiyya da Hausa, ina neman shawararku. "Ɓawon duniya" ya zauna, babu mai gardama a kansa. Sashen da ke ƙarƙashin ɓawon, wanda Turawa ke kira mantle, shi ne ya hana ni sakat.

Na sha jin ana ce masa "narkakken dutse". Wannan kuskure ne, kuma yana damuna ƙwarai, domin yaro zai tashi da tunanin muna zaune a kan tafkin wuta. Cikin igiyoyin da girgizar ƙasa ke aikawa akwai wadda ba ta ratsa ruwa ko kaɗan. Tana ratsa wannan sashe har zurfin kilomita 2,900, sannan ta tsaya cak. Ashe dutse ne daskararre. Abin da dutse mai aman wuta ke fitarwa, ɗan kaɗan ne da ya narke nan da can.

"Mayafi" kuwa bin ma'anar kalmar Turanci ne kawai. Mayafi ba shi da kauri, wannan kuwa shi ya cinye kusan kashi 84 cikin 100 na girman duniya. Shi ya sa na koma ga ɗan itace: akwai ɓawo, akwai tsoka mai kauri, sannan abin da ke tsakiya.

Halin tsokar ne ya fi wuyar suna. Ku tuna ƙarfe a maƙera: ya yi jajir, bai narke ba, ba ya zuba, amma guduma na sauka sai ya lanƙwashe. Haka dutsen nan yake motsi, santimita kaɗan a shekara, kamar tsiron farce. Na gwada "mai danƙo", sai na ga danƙo in ka ja ka saki komawa yake yi, wannan kuwa ba ya komawa. "Daskararre mai jan jiki" ya fi kwanta mini.

Ƙasa da tsoka sai "narkakkiyar cibiya", ƙarfe da nikel masu gudana, waɗanda motsinsu ke haifar da maganaɗisun da kamfas ke bi. Daga zurfin kusan kilomita 5,150 kuma "daskararriyar cibiya", wadda Inge Lehmann 'yar Denmark ta gano a 1936. Zafinta ya kai wajen digiri 5,000 a ma'aunin Celsius, amma nauyin da ke danne ta ya hana ta narkewa.

Tsorona ɗaya, kada ɗalibi ya ji "tsoka" ya zaci abu ne mai laushi kamar nama. Wanda ya taɓa gwada ta a aji, don Allah ya faɗa mana yadda yara suka karɓe ta.