Zare biyu, ma'ajiya guda: me ABI na RISC-V ya ce game da rajistar tp?

Abdul_Argungu:
Assalamu alaikum malamai. Ina rubuta ƙaramin mai raba lokaci a kan ESP32-C3 (ƙaramin guntun kwamfuta mai tsarin injin RISC-V) domin na'urar da za ta sarrafa famfon ban ruwa a fadamar shinkafa. Zare ɗaya (wato aiki guda da ke gudana da kansa cikin shirin) na karanta danshin ƙasa, ɗayan na kula da famfo. Na sa wa kowanne ma'ajiya da `_Thread_local`, kalmar yaren C da ke ba kowane zare nasa kwafin, amma abin da na farko ya rubuta, shi na biyu ke karantawa. Wajen sauya zare ina adana rajistocin (ƙananan ma'ajiyoyin cikin injin) ra, sp da s0 zuwa s11. Ina na kauce?

Injiniya Bello, Gusau:
Wa'alaikumus salam Abdul. Ba laifin kwamfaila (manhajar da ke juya lambar C zuwa umarnin inji) ba ne. Alkawari ne tsakaninka da ita, ita ta cika nata, kai ba ka cika naka ba.

ABI na RISC-V, wato ƙa'idar da ta raba wa rajistoci aiki, ya keɓe rajista x4, wadda ake kira tp, don ta nuna ma'ajiyar zaren da ke gudana. Kwamfaila ba ta taɓa sa wani abu cikinta, karantawa kawai take yi. Duk inda ka taɓa abin `_Thread_local`, umarni uku take fitarwa: `lui`, sai `add` da tp, sai `lw` ko `sw`. Wato adireshi shi ne tp da ƙarin wata tazara da linka (manhajar da ke haɗa sassan shiri) ta ƙayyade tun lokacin haɗawa. Tazarar nan ɗaya ce ga kowane zare, tp kaɗai ke bambanta su. Tunda ba ka sauya ta, duk zarurrukanka kwano guda suke ci.

Lokacin ƙirƙirar kowane zare, ware masa fili mai girman .tdata (sashen abubuwan `_Thread_local` masu ƙimar farko) da .tbss (na waɗanda ke farawa da sifili) a haɗe. Kwafe .tdata cikin farkon filin, ka cika sauran da sifili, sannan tp ta nuna baiti na farko na filin. A RISC-V babu ratar da ake bari gaba da tp. AArch64 na barin baiti 16, ARM mai bit 32 na barin 8, x86-64 kuwa ma'ajiyar tana bayan inda rajistar FS ke nunawa ne, ana komawa baya. Wanda ya kwaso lambar wani injin ya liƙa a nan, komai zai goce.

Kula da wuri ɗaya da ke kayar da mutane: .tbss ba ta ɗaukar wuri cikin hoton shirin, linka kan aza sashe na gaba a kan adireshinta. Saboda haka kada ka auna girma da alamar da ka dasa bayanta. Tara ADDR(.tbss), wato adireshinta, da SIZEOF(.tbss), wato girmanta, ka debe ADDR(.tdata), ta haka ratar daidaitawa da ke tsakaninsu ma ta shiga. Filin kuma ya fara a adireshin da ya dace da mafi girman daidaitawar da ke cikinsa.

Malama Hadiza, Aliero:
Injiniya ya gama da tp. Ni abin da ya tsaya mini shi ne jerin rajistocin da ka ce kana adanawa. Ra, sp da s0 zuwa s11 sun isa ne kawai idan zare da kansa ya kira aikin sauyawa, domin a nan kwamfaila ta riga ta ɗauka cewa a0 zuwa a7 da t0 zuwa t6 za su lalace. Idan agogo ne ke katse zare a tsakiyar lissafi, dole ka adana duka. Rajista 31 a baiti huɗu-huɗu 124 ne, da mepc (adireshin inda aka katse) da mstatus (yanayin injin) 132, ka cika shi 144 don sp ta zauna kan ninkin 16 kamar yadda ABI ya shar'anta. Rajistar gp kuwa ta kowa ce, ka saita ta sau ɗaya a farkon shiri ka bar ta.

Kada kuma ka ɗauka gyaran tp zai ba kowane zare nasa errno, gurbin da C ke ajiye lambar kuskure. Ya danganta da laburaren C. Picolibc na ajiye errno a ma'ajiyar zare, don haka zai bi tp. Newlib a yadda aka saba gina ta, ta `_impure_ptr` take bi, sai ka ba kowane zare nasa `struct _reent` ka riƙa sauya manunin tare da sauran. Ka kuma rubuta `__malloc_lock` da `__malloc_unlock`, in ba haka ba ranar da zare biyu suka shiga malloc, aikin ware ma'ajiya, tare, na'urar za ta tsaya tsakiyar fadama ba wanda ya san dalili.

Abdul_Argungu:
Na gode Injiniya, na gode Malama. Tp ta gyaru. Yanzu da na sa `atomic_fetch_add`, ƙarin da wani zare ba ya iya ratsawa a tsakiya, kan ƙidayar da suke rabawa, linka na cewa ba ta ga `__atomic_fetch_add_4` ba.

Injiniya Bello, Gusau:
Daidai ne. ESP32-C3 RV32IMC ne, ba shi da harafin A, wato babu `lr`, `sc` ko `amoadd`, umarnin da ake irin wannan ƙarin da su. Shi ya sa kwamfaila ta mai da shi kiran aiki ta bar maka cikawa. Tunda ƙwaƙwalwa ɗaya ce, rufe katsewa ya wadatar: `csrrci` kan mstatus da 8 zai kashe MIE, makunnin katsewa, ya dawo maka da tsohuwar ƙima, ka yi ƙarin, sannan ka mayar da MIE yadda ka same ta. Ban ce ka kunna ta kai tsaye ba, domin in an kira aikin daga cikin katsewa, kunnawar za ta buɗe ƙofa tun ba a gama ba.

In wata rana ka koma kan guntu mai A, ƙara `sc` guda ta banza zuwa wani gurbi na wofi cikin aikin sauya zare. Ita ke soke kamun da `lr` na zaren baya ya bari, kada `sc` ta ci nasara a kan ƙimar da wani zare ya riga ya canza.