Neman shawara: fara haɗa samfurin awon fili daga hotunan jirgi maras matuki

Dan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, manyanmu da 'yan uwa masu aikin safiyo. Ina aiki a ƙarƙashin wani safiyo da ke kula da cikon yashi a wani fili a yankin Ibeju-Lekki, kuma duk ƙarshen wata mai filin yana so a gaya masa adadin yashin da aka zuba, domin lissafin tifa da 'yan kwangila ke kawowa ba ya gamsar da shi. Maigidana ya sayi jirgi maras matuki samfurin DJI Phantom 4 Pro, ya ce in koyi fotogirametiri, wato fitar da taswira da samfurin fili daga hotuna. Wace manhaja ce ta dace da mai farawa, kuma kwamfutata mai RAM (ma'ajiyar aiki) gigabait 16 za ta iya ɗaukar aikin? Ina kuma son sanin ko sakamakon zai kai ingancin da za a dogara da shi wajen biyan kuɗi.

Mai Awo ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara da WebODM, wadda aka gina a kan OpenDroneMap. Buɗaɗɗiyar manhaja ce, kana iya girka ta da kanka ba tare da biyan lasisi ba, kuma tana fitar da abubuwan da aikinka ke buƙata: haɗaɗɗen hoton fili mai ma'auni, tarin ɗigogi masu nuna tudu da kwari, da samfurin tsayin ƙasa. RAM 16 zai wadatar ga hotuna ɗari biyu ko uku, amma idan suka haura haka sosai kwamfutar za ta riƙa tsayawa a tsakiyar aiki. Ka tanadi inbata ko janareto, domin sarrafa hotunan yakan ɗauki sa'o'i, kuma kowa ya san halin wutar Legas.

Ingancin aikin yana farawa ne tun daga ɗaukar hoto. Manhajar tana neman abu ɗaya da ya bayyana a hotuna da dama, ta lissafa inda kyamara take lokacin ɗaukar kowanne, sannan ta gano matsayin abin a fili. Saboda haka ka tsara tashin jirgin ta yadda kowane hoto zai rufe kashi 80 cikin ɗari na wanda ya gabace shi, layi da layi kuma su rufe juna da kashi 70. Da irin jirginku, a tsayin mita 100, kowane ɗigon hoto yana wakiltar kusan santimita 2.7 a ƙasa.

Tsohon Safiyo ya amsa:

Ban saɓa wa Malam Mai Awo ba game da WebODM a matsayin wurin koyo, ko da yake ni na fi natsuwa da Agisoft Metashape, wadda a da ake kira PhotoScan, saboda rahotonta na kuskure a bayyane yake. Sai dai a kula, ƙaramin lasisinta ba ya karɓar alamomin awo na ƙasa, wato alamomin da ake shimfiɗawa a fili a auna ainihin matsayinsu, babban lasisin ne ke yi, shi kuwa kuɗinsa ya haura dala dubu uku. Akwai gwajin kwana 30 kafin mutum ya yanke shawara. Akwai kuma Pix4D ta ƙasar Siwizalan, da RealityCapture, da yanzu ake kira RealityScan, wadda kamfanin Epic Games ya saya a 2021.

Amma yaro, tambayarka ta ƙarshe ita ce ta fi muhimmanci, kuma amsarta ba ta cikin sunan manhaja. Na'urar GPS da ke cikin jirginku tana iya kuskure da mitoci, musamman ta fuskar tsayi, alhali lissafin yashi gaba ɗayansa a kan tsayi ya dogara. Ka duba da kanka: kadada ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, don haka kuskuren santimita 10 kacal a tsayi yana nufin yashi mita kubik 1,000 da aka ƙara ko aka rage wa wani. Dole ne ka shimfiɗa alamomi masu baƙi da fari a ƙasa kafin jirgi ya tashi, ɗaya a kowace kusurwa, wasu a tsakiya, wasu a kan tudun cikon da kuma gindinsa, ka auna kowacce da na'urar tauraron ɗan adam mai RTK, wato mai gyara kuskurenta nan take zuwa 'yan santimitoci, ko da na'urar awo mai ƙafa uku da ake kira total station. Ka ware biyu ko uku kada ka ba manhajar, ka ajiye su domin gwada sakamakon daga baya, domin manhaja za ta nuna ƙaramin kuskure a kan alamomin da aka ba ta ko da sauran filin ya lanƙwashe kamar ƙwarya.

Sai batun tsarin lambobin da ke nuna matsayin wuri a taswira. Hotunan jirgi suna zuwa da WGS84, ma'aunin da GPS ke amfani da shi, amma takardun safiyo da yawa a Najeriya an yi su ne a kan ma'aunin Minna, Legas kuma tana cikin shiyya ta 31 ta UTM, tsarin da ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya. Idan ka gauraya WGS84 da Minna, taswirarka za ta goce da gomman mitoci. Ka tambayi maigidanka wanda aka yi amfani da shi a takardar filin.

Dan Agege ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri, ranku ya daɗe. Wani ɓangare na filin har yanzu fadama ce mai ruwa kwance, kuma an riga an fara zuba yashi kafin a sayi jirgin. Yaya zan yi da waɗannan biyun?

Hajiya Mai Taswira ta amsa:

Ruwa ba ya aunuwa da hoto, ɗana. Samansa yana sheƙi yana motsi, manhajar ba ta samun abin da za ta kama, sai ta cika wurin da ɗigogin ƙarya da za ka share da hannu. Hakan yana faruwa da gilashi da sabon rufin kwano, har ma da yashin da aka baje ya yi sumul idan rana ta take, shi ya sa sawun tifa da inuwar hantsi suke taimakawa. Gefen fadamar ka auna shi da sanda da na'ura kamar yadda aka saba.

Game da yashin da aka riga aka zuba, adadi yana fitowa ne daga bambancin samfuri biyu, na kafin ciko da na bayansa. Idan akwai awon tsayi da aka yi tun farko, ka gina shimfiɗar tushe da shi a manhajar QGIS ko CloudCompare, waɗanda dukansu kyauta ne. Idan babu, ka ɗauki tashin farko a matsayin mafari, ka sanar da mai filin a rubuce cewa lissafin jirgi daga ranar ya soma.

Kafin ku tashi jirgin kuma, maigidanka ya nemi izinin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, da amincewar ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa, ku kuma nisanci filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja da barikokin soja. Rahoton da za a biya kuɗi a kansa ya fita da sa hannun safiyo mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa masu safiyo rajista a Najeriya, tare da jadawalin alamomin gwajin da Tsohon Safiyo ya ambata.